“Ya Ƙi Zama” ko “Ya Kasa Zama”? Nazarin Kalmomin Bayyana Illolin Maganin Taɓin Hankali

1.0 Gabatarwa

A darasin ilimin ma'ana mun saba ɗauko kalmomi biyu masu kama da juna mu auna su, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu, mu rubuta a jarrabawa, mu wuce. Wannan maƙala ita ma awon kalmomi ce. Sai dai kalmomin da za ta auna, na taɓa yin kuskure a kansu a gaban likita, kuma wanda ya ɗanɗana kuɗar kuskuren yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni ɗan Mubi ne. Da harshen Gude na buɗe baki, Hausa kuwa a layi da makaranta da kasuwa na tsince ta, kamar yawancin yaran garinmu. A Mubi za ka ji Gude da Fali da Njanyi da Fulatanci da Margi da Kamwe a kasuwa ɗaya, amma idan aka zo ciniki ko aka shiga asibiti, galibi Hausa ce ke haɗa kowa. Saboda haka yaron da ya ɗan yi boko shi ne tafintan gidansu, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Maƙalar za ta yi taƙaitaccen bayani a kan magungunan taɓin hankali da yadda suke aiki, sannan ta bi illolinsu ɗaya bayan ɗaya tare da kalmomin da muke bayyana su da su. Daga nan za ta nuna yadda zaɓen aikatau da zaɓen aikau kan iya karkatar da hukuncin likita da na iyali. Ni ɗalibin harshe ne, don haka batun ƙari ko ragin magani na likita ne. Namu shi ne maganar da ake kai masa.

2.0 Maganin da Yadda Yake Aiki

Magungunan da ake nufi a nan su ne waɗanda ake bai wa mai jin muryoyin da babu su, ko mai zargi marar tushe, ko wanda tunaninsa ya wargaje, kamar yadda ake gani a ciwon da likitoci ke kira sikizofiriniya. Na farkonsu shi ne kulofuromazin, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Largactil. An haɗa shi a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa a ƙarshen 1950, kuma a 1952 likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka ba da rahoton amfaninsa ga masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne da ke Paris. A 1958 kamfanin Janssen na Beljiyam ya haɗa halofaridol, wato Haldol. Waɗannan biyu, tare da allurar Modecate da ake yi bayan 'yan makonni, su ne tsofaffin magunguna. Daga baya aka sami sababbi irin su Risperdal a 1993 da Zyprexa a 1996. A ƙasarmu tsofaffin ba su kau ba, domin sun fi araha.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari ɗan aike mai suna dofamin, wanda ke kai saƙo daga ƙwayar jijiya zuwa wata. Aikin waɗannan magunguna shi ne toshe ƙofofin da dofamin ke shiga. Idan aka toshe su a sashen da saƙon ya yi yawa, muryoyi da zargi sukan lafa. To amma dofamin ba a sashe ɗaya yake aiki ba. Yana da hannu a sashen da ke daidaita motsin jiki, kuma shi ne ke taka wa sinadarin ruwan nono birki. Magani kuwa ba ya tambayar unguwa, duk inda ya tarar da ƙofa sai ya rufe. Daga nan ne yawancin illolin ke fitowa. Abin lura a nan shi ne, illar ta fito ne daga hanyar da amfanin ya fito, don haka ganin illa bai nuna cewa jabun magani aka ba ka ba, ko likita ya yi maka mugunta.

3.0 Yadda Muke Kiran Abin da Magani Ya Jawo

Kafin a shiga illolin, ya kamata a duba kalmar kanta. A fassarar rediyo da takardun asibiti an fi amfani da “illa”, wani lokaci “lahani”. Dukansu suna ɗauke da ma'anar cutarwa. Idan aka ce wa uwa “maganin nan yana da illa”, abin da za ta ji shi ne, a nisance shi. Likita kuwa yana nufin wani abu ne da kan biyo bayan shan magani, wanda sau da yawa ana iya rage shi ko kawar da shi ba tare da an daina jinya ba.

A bakin jama'a akwai wasu maganganu uku da na sha ji a ɗakin jinya. Na farko, “maganin bai karɓe shi ba”, wato jininsu bai haɗu ba, a nemi wani. Na biyu, “maganin ya yi masa ƙarfi”, wato a rage. Na uku, “maganin yana faɗa da ciwon ne”, wato a yi haƙuri, wahalar alamar waraka ce. Kowace magana a cikinsu hukunci ce, kuma kowace tana tura iyali wata hanya dabam: ta farko zuwa jefar da ƙwayoyi, ta biyu zuwa raba ƙwaya biyu ba da sanin likita ba, ta uku zuwa zura ido ko da abin ya kai ga haɗari.

Akwai kuma hukunci na huɗu, wanda ba ya ma ambaton magani: “sun dawo”, wato aljanu. Wannan tunani ya daɗe cikin harsunan da muke ji. Kalmar “majanuni” da Hausa ta aro daga Larabci tushenta ɗaya da “aljani”, haka kuma a Fulatancin Adamawa ana kiran mai taɓin hankali “ginnaaɗo”, daga “ginnaaji”. Ke nan duk wani baƙon motsi da aka gani a jikin majinyaci, harshe ya riga ya tanadar masa fassara tun kafin a tuna da ƙwayar da ya sha jiya.

4.0 Illolin da Kalmominsu

4.1 Ƙagewar farat ɗaya

Wannan takan zo da wuri, yawanci cikin kwanaki biyar na farko bayan fara magani ko ƙara shi, kuma ta fi kama samari. Wuya ya murɗe gefe ɗaya, muƙamuƙi ya ɗaure, idanu su juya sama su ƙafe, ko harshe ya fito waje ya ƙi komawa. Likitoci na kiran ta distoniya. Tana da zafi da ban tsoro, amma akwai allurar da ke sakin jijiyoyin cikin 'yan mintoci. Idan ta kama maƙogwaro har numfashi ya yi wuya, to gaggawa ce ta ceton rai.

A nan kalmomi biyu ke yaudarar mu. Ta farko “farfaɗiya”. Mai farfaɗiyar da aka saba gani yakan faɗi ya fita hayyacinsa, mai ƙagewa kuwa yana ji yana gani, magana ce kawai ke yi masa wuya. Ta biyu “sanƙarewa”. Da ka ce “wuyansa ya sanƙare” a watan Maris ko Afrilu, kowa a Mubi sanƙarau zai tuna, domin muna cikin yankin da wannan cuta ke ɓulla da rani da bazara. Sanƙarau yakan zo da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani. Ko wanne ne a cikin biyun, asibiti za a nufa nan take, amma tafinta ya faɗi abu biyu: ko akwai zazzaɓi, da kuma ranar da aka fara magani. Ina ganin “ƙagewa” ko “murɗewa” sun fi dacewa da wannan illa, a bar wa sanƙarau kalmarsa.

4.2 Sandarewa da karkarwa

Wannan takan shigo a hankali cikin makonni. Jiki ya yi tauri, tafiya ta koma ta jan ƙafa, hannuwa su daina lilo, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai, miyau ya riƙa dalala, yatsu su riƙa karkarwa. Ta yi kama da ciwon da likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817, shi ya sa ake danganta ta da sunansa.

Hausa tana da wadata a nan: karkarwa, kyarma, makyarkyata, ɓari. Makyarkyata ta fi tafiya da sanyi ko zazzaɓi, ɓari ya fi tafiya da tsoro ko fushi, karkarwa ce ta fi zama ba ruwanta da dalili. Wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce ya kiyayi “rawar jiki”. Na taɓa cewa “Yaya yana rawar jiki” sai aka yi murmushi, domin a Hausa mai rawar jiki shi ne mai zumuɗi. Abin da nake nufi shi ne “hannunsa yana rawa”. Amsa-kama ma tana taimakawa ƙwarai: “yana tsaye ƙiƙam”, “hannu yana rawa kar-kar-kar”. Kalma ɗaya irin wannan ta fi dogon bayani zana hoto.

Ana yawan ba da Artane domin rage wannan illa. Shi ne kuma ake sayarwa da sunan Exol, wanda wasu matasa suka mai da kayan maye. Saboda haka majinyacin da aka rubuta masa shi bisa ƙa'ida yakan sha kallon banza a unguwa, a kira shi “ɗan ƙwaya”. Wannan ma rauni ne da harshe ke yi.

4.3 Kasa-zaune

A nan ne na yi nawa kuskuren, don haka zan ɗan tsaya.

Yayana tela ne. Lokacin da ciwon ya same shi, ya daina barci, yana cewa maƙwabta na magana a kansa ta cikin bango. Muka kai shi wani asibiti aka ɗora shi a kan Haldol. Mahaifiyarmu ta tashi ne a wani ƙauye a gindin duwatsun da ke kudu da Mubi, Hausarta ta cefane ce, don haka ni ne bakinta. Bayan kamar mako biyu muryoyin suka ragu, amma wani sabon abu ya ɓullo. Yaya ba ya minti biyu a kan tabarma. Ya zauna, ya miƙe zumbur, ya nufi zaure, ya dawo, ya kwanta, ya sake tashi. Ko a tsaye yake, ƙafafunsa na taka ƙasa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan fareti.

Ranar komawa asibiti likita ya dube ni ya ce, “Ƙanina, yaya jikin nasa?”

Na ce, “Da sauƙi, likita. Sai dai ya ƙi zama. Ya ƙi kwanciya. Sai yawo yake ta yi.”

Yaya yana gefe bai ce komai ba, mu ma ba mu ba shi dama ba, domin mun riga mun saba yin magana a madadinsa. Bisa abin da na faɗa, hoton da ya fito shi ne na majinyacin da ciwonsa bai gama kwanciya ba, mai fitina da taurin kai. Aka ƙara yawan maganin. Cikin 'yan kwanaki abin ya ninka. Mama ta ce sun dawo, ta fara shirin kai shi ƙauye, ta ce in zubar da ƙwayoyin a masai.

Wani dare na tarar da shi yana safa da marwa a tsakar gida yana hawaye. Na ce, “Yaya, don Allah ka zauna mana.” Ya amsa mini da Gude, abin da zan fassara da cewa, “Ina so in zauna. Kamar an zuba mini tururuwa a cikin ƙafafu.” A nan na gane abin da na yi. Wanda yake so ya zauna ba a cewa ya ƙi zama.

Washegari na roƙi Mama ta ba ni kwana ɗaya, muka koma. Na gyara maganata. Likita ya juya ga Yaya da kansa ya ce, “Malam, zaman ne ba ka so, ko gagarar ka yake yi?” Yaya ya ce, “Gagara ta yake yi.” Aka rage maganin, aka haɗa masa da wani, kafin mako ya zagayo ya fara zama ya ci abinci har ya gama.

Sunan wannan illa a likitance akatiziya. Wani likita a birnin Prague, Ladislav Haškovec, ya ƙirƙiro kalmar a 1901 daga Girkanci, ma'anarta “rashin zama”. Takan zo cikin kwanaki ko makonni bayan fara magani ko ƙara shi. Haɗarinta biyu ne. Na ɗaya, tana kama da tashin ciwon, sai a ƙara maganin da ke jawo ta. Na biyu, ƙuncin da take sa wa mutum yana da tsanani, har wasu kan yi tunanin kashe kansu, wasu kuma su rantse ba za su ƙara shan magani ba. Ba ma buƙatar aron kalmar Girkanci. Bahaushe ya riga ya ce “ya kasa zaune ya kasa tsaye”. Daga nan nake ba da shawarar harɗaɗɗen suna “kasa-zaune”, a kan ƙirar “faɗi-tashi” da “kai-komo”.

4.4 Mamular baki

Wannan ba ta gaggawa. Sai bayan watanni ko shekaru ana shan magani take bayyana, kuma ta fi kama tsofaffi. Baki ya riƙa motsi kamar ana tauna, leɓɓa su riƙa tsotso, harshe ya riƙa leƙowa yana komawa, wani lokaci yatsu ko kafaɗu su shiga ciki. Sau da yawa mai ita bai ma san yana yi ba. Tana iya zama dindindin ko bayan an canza magani, shi ya sa ake so a gano ta da wuri. Artane ba ya maganin ta, yana ma iya ƙara ta.

Kalmomin da suka fi saurin zuwa baki su ne “gwalo” da “gatsine”, kuma dukansu na raini ne. Mai gwalo yana tsokana, mai gatsine yana wulaƙanci. Dattijon da aka ce yana yi wa mutane gwalo a bakin kasuwa an zubar masa da mutunci a kan abin da ba shi da iko a kai. “Mamula”, wadda ake faɗa wa marar haƙora idan yana juya abinci a baki, ta fi kusa da abin da ido ke gani, kuma ba ta ɗora wa kowa laifi.

4.5 Zazzaɓi mai sandar da jiki

Wannan ba ta cika faruwa ba, amma tana kisa. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare gaba ɗaya, gumi ya yi ta zuba, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hankali ya rikice. A wajenmu duk zafin jiki “zazzaɓi” ne, duk zazzaɓi kuma na cizon sauro ne, sai a aika yaro kemis. Ga mai shan maganin taɓin hankali, zazzaɓi tare da sandarewa na nufin a tafi asibiti a wannan sa'a, a tafi da kwalin maganin a hannu. Nan ne “yana faɗa da ciwon ne” ke iya jawo asarar rai.

4.6 Sauran illoli

Largactil yakan sa barci da nauyin jiki, da jiri idan aka miƙe da sauri, da bushewar baki, da taurin bahaya, da gani dishi-dishi. Yana kuma sa fata saurin ƙuna a rana, yana rage wa jiki iya jure zafi, abin da ya kamata a kula da shi a bazarar Mubi. Sababbin magunguna sun rage matsalar motsi, amma wasunsu, musamman Zyprexa, suna sa yawan ci da ƙiba, suna ƙara haɗarin ciwon sukari. Mu kuwa da mun ga majinyaci ya yi ƙiba sai mu ce “ya murmure”, alhali awon nauyi da na sukari ake buƙata.

Akwai kuma illolin da kunya ke rufewa: ɗaukewar al'ada, fitar ruwan nono ga wadda ba ta shayarwa har ma ga namiji, da raunin sha'awa. Ƙane ba zai iya fassara wa yayarsa ko matar yayansa irin wannan ba. Tafinta mai hankali yakan san lokacin da zai fita ya ba da wuri, ko ya nemi mace ta tsaya wa mace.

5.0 Darasin Nahawu: Wane ne Aikau?

Mu koma kan “ƙi” da “kasa”. A duba waɗannan jimloli:

1a. Mota ta ƙi tashi.
1b. Barci ya ƙi zuwa.
2a. Audu ya ƙi zama.
2b. Audu ya kasa zama.
2c. Zama ya gagari Audu.

A 1a da 1b aikau ba mai hankali ba ne, don haka “ƙi” ba ta nuna niyya, gazawa kawai take nunawa. Da zarar aikau ya zama mutum, kamar a 2a, sai niyya ta shigo: Audu yana iyawa, bai ga dama ba ne. A 2b yana so, bai iya ba. A 2c an ma cire shi daga gurbin aikau an mai da shi karɓau, wato abin ya fi ƙarfinsa. Ni na koyi “ƙi” ne daga irin 1a, a tashar mota da wurin injin niƙa, sai na shimfiɗa ta a kan mutum ba tare da na san na canza ma'ana ba. Malamanmu kan yi mana dariya a kan “ya” da “ta”, mu 'yan Adamawa, kuma da gaskiyarsu. Amma kuskuren jinsi dariya kawai yake jawowa, wannan kuwa ƙarin magani ya jawo.

Wannan doka ta wuce “ƙi” da “kasa”. A gwada waɗannan:

3a. Yana gwalo.
3b. Harshensa yana fitowa da kansa.
4a. Ya zama malalaci.
4b. Jikinsa ya yi nauyi tun da aka fara maganin.
5a. Ba ya kula mutane.
5b. Fuskarsa ta daina motsi.

A jimlolin “a” majinyaci ne aikau, kuma kowace jimla tuhuma ce. A jimlolin “b” gaɓar jiki ce aikau, jimlar kuma bayanin abin da aka gani ne. A lura da 4b, wadda ta ƙara bayanau na lokaci. “Tun da aka fara”, “kwana uku bayan allura”, “daga ranar da aka ƙara” su ne zaren da likita zai bi ya gane ko ciwo ne ko magani.

Sai kuma “da sauƙi”. A al'adance ko mutum yana gargara, amsar “yaya jiki?” ita ce “da sauƙi”. Wannan gaisuwa ce, kuma tana da kyau a muhallinta. Amma a ɗakin likita tambayar tana neman labari. Tafinta ya amsa gaisuwar, sannan ya kawo labarin dalla-dalla.

6.0 Aikin da ke Gabanmu

Shigar iyali cikin jinyar taɓin hankali ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kusa da asibiti tare da danginsu. A yau ma dangi ne ke ganin majinyaci dare da rana, likita kuwa na 'yan mintoci. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Maiduguri da Kaduna da Kware suna da nisa da mu, kuma mutanen Mubi, waɗanda suka ga abin da suka gani lokacin da Boko Haram ta kama garin a ƙarshen Oktoban 2014, ba baƙin damuwar ƙwaƙwalwa ba ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin masu wannan lalura. Amma haƙƙin mutum na a yi shawara da shi a kan maganinsa ba zai tabbata ba idan babu kalmomin da za a yi shawarar da su.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da abubuwa huɗu. Na farko, mu koma ga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mu tattaro kalmomin motsin jiki da amsa-kamarsu, mu tantance waɗanda ke ɗauke da niyya da waɗanda ba sa ɗauke da ita. Na biyu, kowa ya yi haka a harshen gidansu, domin sau da yawa fassarar hawa biyu ce, daga Gude ko Fali zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Ingilishin da ake rubutawa a kati. Na uku, duk kalmar da muka ƙirƙira, irin “kasa-zaune”, mu kai ta gaban ma'aikatan lafiya da masu jinya su gwada, domin kalmar da ba ta shiga bakin jama'a ba ta mutu a takarda. Na huɗu, idan tafinta ya kama mu, mu bar majinyaci ya yi magana da bakinsa tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta kawo tarihin magungunan taɓin hankali a taƙaice, ta bi manyan illolinsu, ta kuma nuna cewa kalmomi irin su gwalo da gatsine da sanƙarewa da “ƙi” suna iya ɓoye illar magani, su mai da ita laifin majinyaci ko wani ciwo dabam. Abin da ake so daga mai jinya shi ne ya faɗi abin da ya gani, da gaɓar da abin ya shafa, da ranar da ya fara, kuma kada a daina magani ko a rage shi sai da shawarar likita, domin yanke shi farat ɗaya kan dawo da ciwon.

Yayana ya koma kan kekensa na ɗinki, yana kuma shan maganinsa har yau. Hannunsa yana ɗan rawa da safe, don haka yaron shagonsa ne ke zura masa zare a allura. Da na gaya masa zan rubuta wannan maƙala, na nemi izininsa, ya ce in rubuta, amma in tabbatar na sa kalmar daidai a wannan karo.